Ajin da Aka Zaɓa wa Lele

"Wa ya ce ka mayar min da 'ya ajin kimiyya?"

Ko sallamarta ba ta dire ba ta jefa masa tambayar. Mataimakin shugaban makarantar ya ɗago daga kan tebur da murmushin nan nasa, wanda ya sa ta amince za ta aure shi bayan ta rantse ta gama aure tun rasuwar baban Lele.

"Gimbiyata, zauna mana. Kin shigo kamar an koro ki."

Ba ta zauna ba. An tashi ɗalibai, babu motsin kowa sai fanka da ke kuka a sama. A bayansa ga allon da yake tsara darussan makarantar, kowane aji da kalar allinsa.

"Lele ajin zane ta zaɓa, Malam. Tare muka yi shawara. Tun da aka dawo daga hutu yarinyar nan ba ta cin abincin kirki. Jiya na tarar tana kuka a kan littafin lissafi, wai 'yan ajin suna kiranta 'yar alfarma."

Ya yi dariya. "Yara ke nan. Iyaye nawa ke zarya a ƙofar nan saboda kujerar da na ba ta? Don ke na yi, sanyin idona."

"To don ni ka mayar da ita."

"Ina?" Ya juya kujera, ya nuna allon da biro. "Babu darasin zane daga zango mai zuwa. Kwamiti ya soke shi."

"Wa ke shugabantar kwamitin?"

Murmushi kawai ya yi.

"Malamar zanen fa?"

"Ita ta cusa wa Lele wannan shirmen. Sai ta nemi aiki a wani wurin."

Ta ƙura masa ido. Wannan fa shi ne mutumin da ya sungumi Lele zuwa asibiti ranar da ta suma a filin wasa. Tana sonsa, Allah ya sani, son da har kunyar kanta take ji.

"Ka san lissafi ba ya zama a kanta. Idan ta faɗi fa?"

"Ta faɗi ina raye?" Ya taso, ya sassauta murya. "Duk sakamakon jarrabawa ta teburin nan yake bi. Muddin muna zaune lafiya ni da ke, Lele ba ta da matsala..."

Muddin.

Ta hango gidan da za ta shiga: ranar da gishiri ya yi yawa a miya, ranar da ta ce masa a'a, duk a kan yarinyar za a huce.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a bakin tebur. Hawaye suka ɓalle mata.

"Gimbiya... yi tunani. Tsakiyar zango muke. Wace makaranta za ta karɓe ta ba da sa hannuna ba?"

"Ko aji za ta maimaita, ta maimaita."

A baranda Lele ta miƙe daga benci, idanunta jawur.

"Mama, ya yarda?"

"Je ki kwaso duk abin da ke teburinki. Kar ki bar ko fensir."

Bayansu ƙofar ofishin ta buɗe a hankali. Ta damƙe hannun 'yarta, ba ta waiwaya ba.