Farin Ƙarfen Motar Baba

Ranar kasuwar Makarfi ce. Bilya ya yini yana buga bodin wata motar rake har kafaɗarsa ta riƙe. Yana wanke hannu zai tafi sallar la'asar sai wata budurwa ta yi sallama a bakin garejin, riƙe da wani dogon abu naɗe a tsohon zani.

"Sannu da aiki. Kai ne Malam Bilya? Gareji uku na je, kowa ya ce in zo wurinka."

Ta kwance zanin. Siririn ƙarfen alminiyom ne, irin wanda ake yi wa tsofaffin motoci ado da shi a gefe. Ya yi dishi-dishi, babu sauran ƙyalli.

"Na wanke da sabulu, na dirje da toka, ya ƙi."

"Ba dauɗa ba ce," in ji Bilya. "Wani rufi ne ake yi masa tun daga kamfani, rana ta kashe shi. Sai an jiƙa a ruwan soda ya ɓare, a bi shi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a goge. Guda nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

Ya sauke numfashi ya dube ta. Idanunta sun fi nasa nuna gajiya, sai ya kasa cewa ba shi da lokaci.

Sunanta Rumaisa, malamar firamare ce a Ikara. Mahaifinta, Malam Inuwa, tsohon direba ne da ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku da suka wuce. Kullum akan ajiye kujerarsa a tsakar gida, ya yini yana kallon tsohuwar motarsa Fijo a ƙarƙashin rumfa. Wata rana ya ce da ita, da ƙyar, yana son ya sake ganin motar tana ƙyalli kafin ya mutu.

Tsohon bai yarda ko ƙusa ɗaya ta motar ta sake barin gidan ba, don haka Bilya ya riƙa hawa mashin duk Lahadi zuwa Ikara. Kowane ƙarfe kan cinye masa yini guda. Rumaisa takan kawo masa ruwa da fura, ta zauna nesa kaɗan tana duba littattafan ɗalibai, wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta da biro a hannu.

Lahadi ta biyar, yana isa Makarfi ya tarar da saƙo a wayarsa:

"Mai sanfefa, ka isa lafiya? Na ga soda ta ci maka yatsu. Don Allah ka shafa man kaɗanya."

Da yatsun da ke masa zafi ya rubuta: "Na isa, Rumaina. Sati guda nake gajiya, amma a gidanku nake hutawa, ko da ina aiki."

Inna Suwaiba, mahaifiyarta, ta lura, kuma abin bai yi mata daɗi ba.

"Shekara talatin na yi ina jiran namijin da zai dawo a gajiye ya kasa ko cin tuwo," ta ce wa Rumaisa. "Ga Shamsuddeen ɗan aminiyata, yana ofis a Kudan, ƙarfe huɗu ya tashi. Ba ƙin yaron nan nake ba. Ke nake tausayi."

Shamsuddeen ya zo sau biyu, da fara'arsa da ledar lemo. Ya ce a sayi fentin fesawa mai ruwan azurfa, awa ɗaya an gama. Malam Inuwa ya juyar da kai bango.

Lahadi ta goma, Bilya ya tsoma ƙarfen gaban mota a soda ke nan, Inna ta tsaya a kansa.

"Ka ɗan hanzarta, ɗana. A cikin motar nan muke son a kai Rumaisa Kudan."

Ya ce to. Ya zauna a kan turmi, ya manta da abin da ya jiƙa. Ko da ya tuna, ƙarfen ya yi baƙi, soda ta yi masa ƙananan ramuka.

A satin nan saƙo bakwai Rumaisa ta turo bai amsa ba. Na ƙarshe ya ce: "Masoyi, ban san laifina ba. Makaranta, jinyar Baba, surutun Inna, duk ina iya ɗauka. Shirunka ne ya fi ƙarfina."

Ya karanta ya kife wayar. Amma ranar Lahadi ya zo. Sati uku ya yi a kan ƙarfen nan guda, har fatar yatsunsa ta tsattsage, rami biyu suka ƙi fita. Ya ɗauko shi ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ni na ɓata wannan. Hankalina ne ya tafi wani wuri. Sauran zan gama kafin bikin Kudan, in sha Allahu."

Malam Inuwa ya daɗe yana haɗa kalmomi. "Wane... biki?"

Rumaisa, da ke tsaye da kwanon ruwa, ta juya ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai.

"Inna, tun watan jiya na ba Shamsuddeen haƙuri," ta ce a hankali. "Kin sani."

Tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kamo na Bilya, ya juya tafin yana dubawa.

"Suwaiba... zo ki gani. Ya ɗauka Rumaisa ta wani ce, kuma bai daina zuwa ba."

Inna ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗanya, ta ajiye a gabansa.

"Ka turo manyanka," ta ce. "Amma ka riƙa dawowa gida da wuri."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Motar ta sha ƙyalli har maƙwabta suna leƙowa, sai dai ranar kai amarya ta ƙi tashi, domin injin ya shekara uku bai motsa ba. Aka tura, aka tura, aka haƙura. Malam Inuwa ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba, ya ce a bar masa abarsa inda take.

Kafin a fita da Rumaisa a motar kawunta, ango da amarya suka durƙusa a gaban kujerarsa, ƙafafunsu a kumbure don zirga-zirgar biki. Ya dafa kanta, ya dafa na Bilya. Maganar ta ƙi fitowa. Sai Inna ta matso ta durƙusa kusa da shi, ta faɗa a madadinsa.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zuri'a ta gari. Ya hutar da ku a wurin juna."

Tsohon ya yi ta ƙoƙari, har ya samu ya ce, "Amin."