Kalimbar da Walid Ya Fasa

Ranar da Sundus ta fara ganin Zubair, yana riƙe da hannun mahaifinta. Likitan gashin ƙashi ne daga Kano, asibiti ya turo shi gidansu a unguwar Al-Ranuna ta Madina bayan ɓarin jikin Baba Haladu ya shanye.

Ya ciro ɗan akwatin katako mai siraran ƙarafa.

"Kalimba ce, Baba. Danna na tsakiya, sun fi laushi. Na gefe sai yatsa ya yi ƙwari."

Tsoho ya danna. Sautin ya fito garau, ya daɗe bai mutu ba. Sundus ta manta da shayin da ke hannunta.

Wata uku, Baba ya kai ƙarfen ƙarshe, Sundus da Zubair kuma sun kai ga saƙonnin waya.

"Hasken Madina, yau wani ƙarfen kalimbar yana zuzu. Ko kishinki yake?"

"Ka ɗaure shi, Dakta, ka bar zolaya. Yaushe za ka turo manya?"

Yayanta Walid ya ga saƙon. Shi da bai taɓa zama minti biyar ya murza wa ubansa yatsu ba, ranar ya tuna da mutuncin gida.

"Halas, ya isa! Maroƙi a zuri'armu? Baƙo mai iƙama, da ke zaune da takardar izini?"

Zubair na shigowa duba Baba, Walid ya fizge kalimbar ya maka ta da bango. Ya shaƙe Zubair, ya kifa shi a ƙasa, ya take masa hannun dama. Sundus ta ji ƙarar ƙashin. Ta cakumi rigar Walid, ya wanke ta da mari har leɓenta ya fashe.

Umma na kuka. "A rufa asiri, ya binti, 'yata!"

"Asirin wa? Kullum a rufa, kullum a rufa!" Da jini a haɓarta ta kira 'yan sanda.

Walid ya kwana huɗu a tsare. Dangi suka daina gaishe ta. Ba zai fito ba sai Zubair da ya raunata ya sa hannu a takardar yafiya, don haka kawunnai suka cika asibiti.

"Ka yafe, mu ba ka yarinyar."

Baba Haladu ya buga sandarsa a ƙasa, harshensa na sarƙewa.

"'Yata ba kuɗin beli ba ce. Zubairu, na ba ka ita. Ka yafe ko kada ka yafe."

Zubair ya dubi Sundus. "Ke aka mara. Me kika ce?"

"Ya fara ba ka haƙuri a gaban kowa. Sannan ni."

Aka kawo Walid daga inda yake tsare, ya ba da haƙurin, kansa a ƙasa. Zubair ya sa hannu da hagu.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Baba ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

"Allah Ya yi muku albarka. Kada Ya bar mai ɗaga hannu a zuri'arku, sai don addu'a."