Mai Shuka Ƙuduji

Ranar da Naziru ya fara ganin Tibyan, kuka ya sa ta.

Dakon ƙasa aka ba shi zuwa wata tashar binciken noma a bayan garin Gadarif. Ya sauke buhunan a wani ɗaki na raga, cike da tukwanen dawa. Sai idonsa ya faɗa kan furen nan mai ruwan hoda a gindin kowace dawa. Ƙuduji. Ciyawar da ke maƙale wa saiwa, ta tsotse gona ta bar mai ita da kara.

Ɗan manomi ba ya wuce ƙuduji. Ya durƙusa, ya tuge shi tas, ya tara a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Ya zol, bawan Allah, me ka yi?"

Budurwa ce cikin farar riga, hannu biyu a ka.

"Taimako ne, ustaza. Ba sai an biya ni ba."

"Ni na shuka shi!"

Naziru ya saki baki. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin mai hankali ya shuka ƙuduji ba.

Sai da ta share hawaye sannan ta yi masa bayani.

"Kowane mai rai yana da ƙwayoyin gado, kowace da saƙon da take aika wa jiki. Mu ba ma cire ƙwayar. Saƙon muke tarewa a hanya, sai ta yi shiru. Likitoci ma sun fara magance wasu cututtukan gado haka. Dawar nan na ɗauke da abin tarewar. In ƙuduji ya tsotse ta, so nake ya sha har da shi. Aikin damina guda ka tuge min, kuma ba ni da sauran iri."

"Zan kawo miki."

Ya riƙa bin gonaki har wajen garin Hawata, yana karkaɗe busassun kawunan ƙuduji cikin leda. Da yamma waya ta yi ƙara, saƙon Tibyan ne.

"Mai ɓarna, ka ci abinci?"

"Na ci rana."

"Allah sarki. Gobe ka biyo, zan dafa maka jabana, gahawarmu ta nan. Amma hannuwanka a aljihu."

Ya daɗe yana kallon saƙon kafin ya rubuta: "Nur aini, hasken idona, ko ɗaure su za ki yi, zan zo."

Kafin a gama yankan riɗi, magabatansa sun sa ranar zuwa gidansu.

Akwai mai jira a gefe. Mohanad, dillalin hatsi, ya daɗe yana kai gaisuwa gidan ba amsa. Shi ya ɗauki bidiyon Naziru tsugune a gonar mutane da leda, ya kai wa mahaifinta, Alhaji Mailafiya, wanda ƙuduji ya taɓa cinye wa gona sukutum.

A tsakiyar kasuwar hatsi Alhaji ya tare shi, gaban 'yan dako da masu awo.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Kada ka ce min Baba. Gonar wa za ka watsa wa?"

"Ba ta kowa ba."

"To me kake yi da shi? Miya?"

Aka yi dariya. Naziru ya buɗe baki, ya rufe. Tibyan ta taɓa gaya masa cewa a gida an san dai dawa take bincike. Ranar da mahaifinta ya ji tana renon ƙuduji a tukunya, ranar za ta bar aikin.

"Ba ka da amsa?"

"Babu."

"Mugun iri. Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofata."

Daga ranar babu mai gona da ya sake ɗaukarsa aiki. Saƙonta ya shigo: "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Aikinki ne."

"Sunanka fa?"

Ya kifa wayar.

Washegari Tibyan ta ajiye wa mahaifinta shayi, ba ta tashi ba.

"Yaba, ni na aike shi. Ni nake shuka shi."

Kofin ya tsaya a iska.

"Ke? 'Yata? Abin da ya sa na sayar da shanuna?"

"Shi. Ka zo ka gani, sannan ka hana ni."

Ya je, don ya ɗauko ta ne. Ta nuna masa tukwane biyu da ta shuka da irin da Naziru ya kawo. A ɗaya ƙuduji ya yi fure, dawar ta ƙanƙance. A ɗayan ya ɗan leƙo kawai, rawaya, kamar mai jinya.

"Wannan ya warke ke nan?"

"A'a, Yaba. Gwaji ne. Mai yiwuwa baɗi ya ƙi. Da sauran tafiya kafin ya isa gonar kowa."

Alhaji ya tsuguna ya taɓa ganyen. Ya daɗe. Da ya ɗago, ba zancen dawa ya yi ba.

"Yaron nan ya san da wannan, na zage shi gaban kasuwa, ya yi shiru?"

"Ya sani."

"La haula."

Naziru na ɗaure bakin wani buhu a kasuwa ya ji an kama hannunsa. Ya waiga, sai ga mahaifin Tibyan. Alhaji ya ja shi har wurin da ya tsinka shi, ya ɗaga murya.

"Ya jama'a! A nan na ce masa mugun iri. A nan nake janyewa. Duk mai gona ya ɗauke shi aiki, in ya samu. Ni dai na riga ku, na ba shi 'yata."

Mohanad ya sulale bayan buhuna.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Da aka shafa fatiha, Alhaji ya dafa kansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Aikinta kuwa, ko kai ba ka isa ka hana ta ba."

"To, Alhaji."

"Alhajin wa? Ce Baba, kowa ya ji."