Tagar Baya a Masaukin Iya Dudu

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin ya faru ne a wani ɗan gari tsakanin Darazo da Dukku. Sunan garin ya kwance mini, tsufa ke nan.

Duk shekara Malam Sama'ila yakan kwashi iyalinsa daga Kano zuwa Yola gaida surukai, kuma a masaukin wata tsohuwa, Iya Dudu, suke yada zango. Ɗaki biyar ne, ko shida. Doka ɗaya gare ta, takan faɗe ta tana miƙa mabuɗi: "Ruwan zafi a kwatar gaba. Ba a zubar da shi ta baya." Sun sha jin maganar har ta daina shiga kunnensu.

A shekarar nan matarsa Hansatu tana goyon Mardiyya, 'yar wata huɗu. Sun iso gab da magariba. Malam ya ja manyan yaran suka nufi masallaci. Hansatu ta dafa ruwa ta yi wa jaririyar wanka. Sauran ruwan tukunyar yana tururi, ga gajiyar hanya, sai ta watsa shi ta tagar baya. Ko bisimilla ba ta yi ba.

Wani abu ya yi ƙara, kamar an taka kyanwa. Sai shiru.

Can aka yi sallama. Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Wata doguwar mace ta shigo, hannayenta a naɗe irin na mai rungume da yaro, amma babu kowa a cikinsu. Da ta zauna a bakin gado zaninta ya ɗan janye. Ba ƙafa ba ce, kofato ne.

"Maƙwabciya, kin ƙona mini ɗa."

Hansatu ta ce, "Ban gan shi ba, baiwar Allah."

"Ba ki yi magana ba. Da kin yi, da na ɗauke shi. Kina da man kaɗanya?"

"Akwai."

"Kawo 'yarki in riƙe. Ki shafa wa nawa. In bai yi barci ba, da ita zan tafi."

Ba ta san lokacin da aka zare Mardiyya daga cinyarta ba. Sai ta ji an ɗora mata nauyi, mai zafi, yana shessheka. Ba ta ganinsa. Ta lakaci man ta fara lalube. Ga kafaɗa. Ga gadon baya. Inda ya zabura, nan take sassauta hannu tana hura masa iska. Matar kuwa tana shafa kan Mardiyya da dogayen yatsunta, idonta a kan ƙofa.

Man ya ƙare, kukan bai ƙare ba. Matar ta miƙe tsaye.

Hansatu ba ta roƙe ta ba. Ta juya ɗan da ba ta gani, ta goya shi a bayanta, ta ɗaure zani, tana jijjiga shi tana cewa, "Yi haƙuri, ɗana. Ni ce na yi laifi." A hankali numfashinsa ya lafa.

 Sannan matar ta kwantar da Mardiyya a gado, ta kwance goyon da kanta.

"Hannunki da sanyi," in ji ta. Ta fita.

Da safe Iya Dudu ta dubi gwangwanin man, ta dubi jaririyar.

"Ta baya kika zuba, 'yar nan."

"E, Iya."

"Shekara talatin muna zaman lafiya da mutanen ɓoye. Gaban gidan nawa ne, bayan nasu."

Tun daga ranar, duk ƙunar da Hansatu ta shafa takan warke babu tabo. Amma gadon bayanta bai sake yin sanyi ba har ta koma ga Allah.

In kun sauka a baƙon wuri, kada ku zubar da ruwan zafi baki rufe. Ba ku san ɗan wa ke kwance a wurin ba.