Muryar da Muktar Ya Goge

Ranar sadakar bakwai ɗin mahaifiyarsa, Muktar ya yi wa faifan ajiyar da yake jonawa a kwamfuta fomatin bisa kuskure, komai na ciki ya goge. Duk hirarrakin Inna da ya naɗa suka tafi. Bai yi kuka ba. Tun ranar jana'iza babu abin da yake ji a ransa.

Bayan sallar isha'i yana zaune a shagonsa na hanyar Mai'adua, manhajar dawo da abin da aka goge tana ta laluben faifan, sai ƙamshin man kaɗanya ya cika shagon. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin ƙofa, a lulluɓe, ko sallama babu.

"Bar wahalar da kanka," in ji ta. Muryar Inna ce sak, har da ɗan tarin nan nata. "Ga ni. Taso ka raka ni gida, Muktar."

Ya miƙe kamar an ja shi da igiya, har ya zura takalmi ɗaya. Sai ya tsaya cak.

Shi ne ɗan fari. Har Inna ta koma ga Allah, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunansa ba.