Kibiyar Tsoho a Cinyar Barewa

A zamanin da barewa ke kiwo har bayan gari, wani maharbi ya kashe barewa. Ya feɗe ta, ya raba ta gida huɗu. Sai ga guntun kibiya a cinyarta, kibiyar tsohon maharbin garinsu. A al'adarsu kuwa, nama na wanda ya fara harbi ne.

Ba kowa a dajin, gidansa kuma ba nama. Ya naɗe naman a fata, ya ɗauka. Ya yi ta tafiya, ya wuce ƙofar gidansa, ya sauke a gaban tsohon.

"Baba, ga barewarka."

Tsohon ya daɗe yana juya kibiyar.

"Ashe na same ta! Har na rataye bakana. Ɗauki rabi, ɗana. Gobe ka biyo mini mu fita."