Ɗigo a Bayan Jar Ƙofa

"Ajiye makullin babur ɗin a kan tebur."

Ban ɗaga kai ba da na faɗa. Ina ta naɗa salatif a jikin kwali, sau uku inda sau ɗaya ya isa.

"Rabin raina... me na yi?"

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan! Ina kake tsayawa kullum da tsakar rana?"

Ya tsaya da hular kwano a hannu, gumi yana bin wuyansa. Ɗan Saƙo kenan, mutumin da ko kare ya biyo shi sai ya dawo yana ba ni labari da dariya. Yau babu dariya.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Wa ka yi wa alkawarin?"

Ya kawar da kai.

Wallahi da ƙarya ya yi min, da ta fi min sauƙi.

Shagon na Yayana ne. Mayafai da jakunkuna da turare muke sayarwa ta intanet. Ni ke karɓar oda, Ɗan Saƙo ke kai kaya. Shekara biyu da suka wuce, rabin kayanmu dawowa suke yi. Mai saye za ta turo ɗigon gidanta a taswirar waya, ɗigon ya faɗa a bayan katanga ko a tsakiyar kwata, shi kuma ya yi ta zagaye har mai ya ƙare. Ni ce na sayo littafi na ce masa, "Daga yau ba ruwanmu da ɗigo, ɗigo ƙarya yake yi. Kwatance za mu riƙa rubutawa."

Haka muka cika littafin. Bayan shagon mai walda, ƙofa ta uku, akwai kare. Gidan sama mai tankin ruwa, kar a buga da ƙarfi, jariri yana barci. In ya miƙa kaya hannu da hannu, sai ya rubuta a gefe: an karɓa.

Wata rana na buɗe shafin ƙarshe na ga rubutunsa: Shuɗiyar ƙofa, bishiyar mangwaro, akwai uba mai zafi. Saƙon zuciya ne, ba a karɓa ba tukuna.

Gidanmu ne. Ranar sai da na aika wa wata mata jakar da ba tata ba.

Uba mai zafi kuwa bai ba da kunya ba.

"Ɗan aike?" in ji Baba. "Duk mazan garin nan, sai wanda rana ke faɗuwa yana kan titi? Ba da 'yata ba!"

Yaya ma yana da nasa ɗan takarar: abokinsa Mai Motoci, mai kamfanin kai kaya da fararen motoci da manhaja. Aikin shagonmu yake so, ni ma yana so na, kuma ban taɓa gane wanne ya fi so ba. Shi ya maƙala wa babur ɗinmu na'urar bibiya, wai gwaji ne, kyauta. Bayan wata guda ya zo yana ƙamshi, ya ajiye min wayarsa.

"Ƙanwata, ba na son shiga abin da ba ruwana... amma duba."

Ya matso da taswirar har babu layin da ya rage, sai ɗigo ɗaya da sunan mai saye a kansa. Kullum da tsakar rana, rabin awa, wuri ɗaya.

Na san sunan. Mai Jar Ƙofa muke ce mata a littafi. Ita ce ta taɓa tambayata a waya, tana wani lanƙwasa murya, "Wai mai kawo min kayan nan yana da mata kuwa?" Kuma duk watan nan sau biyu kacal ta yi oda.

Shi ya sa na ce wa Ɗan Saƙo ya ajiye makulli.

Ya ajiye. Ya zaro littafin daga cikin rigarsa ya ɗora a kai, a hankali.

"Ki kula da shi. Akwai tsoho a layin makaranta, ba ya ji sosai, sai an buga sau biyu."

Ya fita a ƙafa. Ban kira shi ba.

Da yamma na durƙusa gaban Baba na ce na haƙura da Ɗan Saƙo. Ya yi murmushi ya sa min albarka, murmushin nan kuwa ya fi komai yi min ciwo. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya sara.

Mako guda motocin Mai Motoci suka yi suna mana aiki. Manyan motoci ba sa shiga lungu, direbobin kuma ɗigo kawai suke bi. Kwalaye suka fara taruwa a bayan ƙofa kamar shekarun baya, waya ba ta hutawa da zagin masu saye. Ni ma ban huta ba. Ko ƙarar babur na ji a titi sai gabana ya faɗi.

Rana ta takwas, direba ya dire min wani kwali.

"Wannan ba mu sami gidan ba. Ɗigon ya kai mu wata ƙofar katako, wata tsohuwa ta fatattake mu."

Na duba suna. Mai Jar Ƙofa.

Na ce ni zan kai. Gaskiya ba don aiki ba, fuskarta nake son gani. Ban buɗe littafi ba, na kunna manhajarsu na bi ɗigon, dama, hagu, dama... sai na ga layin yana min kama da wanda na sani. Famfon nan. Katangar nan mai tsagewa. Wayar ta ce na iso.

Ƙofar Gwaggo ce.

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita kaɗai ce in ta yi magana Baba yake sunkuyar da kai.

Na tura ƙofa da sallama. Tana kishingiɗe a tabarma, kanta a kan matashi, Ɗan Saƙo kuma yana durƙushe da 'yar kwalbar maganin ido, yana ɗiga mata. Takalmansa a bakin ƙofa sun yi fari da tafiya.

"Wace ce? Au, sarauniyar masu fushi!" in ji Gwaggo. "Shigo. Tun da aka yi min aikin idon nan, wa ya zo ɗiga min magani a cikinku? Ke? Ko Yayanki? Yaron nan ya zo roƙona in yi wa ubanki magana a kan aurenku, ya tarar ina zuba maganin a kunci. Na ce ya yi min kwana arba'in bai gaya miki ba, in ga ko yana da riƙon alkawari. Kin ƙwace babur, ya ci gaba da zuwa a ƙafa!"

"Gwaggo... to jar ƙofar fa?"

"Mai yawan turaren nan? Katangarmu ɗaya. Tata ƙofar wancan layin take kallo."

Kwalin ya suɓuce daga hannuna. Ni da nake zaune a shago, a littafi na san garin, ban taɓa saninsa a taswira ba. Mai Motoci kuwa ya san abin da ya sa ya matso da ita.

Ɗan Saƙo ya rufe kwalbar. Bai kalle ni ba.

"Ke kika koya min ɗigo ƙarya yake yi," ya ce a hankali. "Shekara biyu ina yarda da ke. Ke kuma rana ɗaya aka nuna miki shi..."

"Ka yafe min."

"Na kasa fushi da ke, shi ne abin da ya fi ba ni haushi."

"Masoyina, don Allah..."

Gwaggo ta lalubo wayarta, ta danna da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi.

"Ƙanena? Ka zo yanzu ina nemanka. A'a, ba gobe ba. Yanzu!"

Na buɗe jakata na ciro littafin, domin tun ranar da ya tafi ban rabu da shi ba. Na buɗe shafin ƙarshe, hawayena yana ɗiga a kan mangwaron da uban mai zafi. Na soke "ba a karɓa ba tukuna", na miƙa masa biro.

"Kai ke rubutawa in kaya ya isa hannu."

Ya daɗe yana kallon shafin. Har na fara tunanin zai mayar min.

Sannan ya sunkuya, ya rubuta a gefe da rubutunsa mai karkata:

An karɓa.